Baƙon da Ya Faɗi a Gonar Surukina

Shekarun baya, ba da daɗewa ba da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, na yi wata tafiya a kan keke wadda har yau in na tuna ta sai in ji fuskata ta ɗauki zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki. Lokacin ina aiki a gidan rediyo a Kano, ina karanta labarai, amma a Wudil nake zaune, a gidanmu na gado. Da safe in bi motar haya, da yamma in dawo.

A shekarar aka haifa mini 'yar fari. Tun da cikin ya tsufa aka mayar da matata gidan iyayenta, wani tsohon gari can gaba da Lajawa, a gindin dutse, domin ta haihu a can ta yi wankan jego. Ranar suna na je, amma zuwan bai amfane ni da komai ba. An fito da jaririya a naɗe, baffannina na zaune, sai na ɗan kalli gefen zanen na kau da kai kamar an nuna mini kayan wani. Haka ake so uban ɗan fari ya yi. Na dawo Wudil ban san kamannin 'yata ba.

Mahaifiyata kuwa tun a ƙofar ɗaki ta ja mini kunne. Ta ce, "Kada in ji an ce kana zarya gidan surukai. Mutanen nan masu kunya ne, kai ma ka kama kanka. Yarinya ba guduwa za ta yi ba." Na ce to. Babu wayar hannu a lokacin, balle a turo maka hoto. Sai in zauna gaban makirufo ina karanta labarin majalisa, hankalina yana can yana tambayar ko hancin wa ta ɗauko.

Ina da wani aboki, malami a jami'ar da aka buɗe sabuwa a garinmu. Mutumin Filato ne, Kirista, ya tashi a cikin duwatsu, kuma babu abin da yake so kamar keke. Kekuna biyu gare shi na tsere, masu siraran tayoyi, kansu a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Shi ya koya mini hawansu. Duk Asabar mukan fita mu bi kwalta mu dawo kafin rana ta yi zafi. Kullum ƙorafinsa ɗaya: ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma, ƙafarsa tana kewar hawa.

Sai wata rana na ce masa na san wani zagaye. A fita ta Dagumawa, a gangara kudu inda duwatsu suke, a ratsa tsofaffin garuruwa masu ganuwa, a biyo ta Lajawa a dawo gida. Na zana masa a ƙasa da tsinke. Ya daɗe yana kallon zanen.

Ya ce, "Malam, wannan gefen ba nan ne garin su madam ba?"

Na ce, "Haka hanya ta biya. Ba ni na shimfiɗa ta ba."

Ya yi murmushi.

Dabarata mai sauƙi ce, kuma a ganina babu inda za ta ɓaci. Na ninke kaftani da wando da hula da silifa a cikin jakar goyo. In mun kusa garin sai in laɓe bayan dutse in sauya kaya, in shiga a mutunce in ce wucewa muke yi, na ga bai kamata in wuce ban gaishe da Baba ba. Wannan uzuri ne da ko mahaifiyata ba za ta iya kushe shi ba. In Allah ya taimaka, wata ta fito da jaririya. Abokina na ce masa kayan salla ne, domin kayan da muke hawa da su ba a salla da su. Riga ce ja da rawaya mai ɗamewa, da baƙin gajeren wando wanda ke manne wa jiki kamar fata, da soso a cikinsa saboda sirdi, sai hular kwano mai ramuka. A kan kwalta, da gudu, babu mai gane ka.

Muka fita bayan asuba. Kaka ce, an cire gero, dawa tana tsaye ta sunkuyar da kai. Farkon tafiyar daɗi ne zalla. Muka wuce Dagumawa masu kai kaya kasuwa suna ɗaga mana hannu. Daga nan kwalta ta ƙare muka hau burji, ƙasa ta fara tashi tana sauka. Mun ratsa wani gari da ganuwarsa ta zaizaye ta koma tudu, awaki na kiwo a kanta, amma har yanzu mutane ta tsohuwar ƙofar suke shiga ko da akwai giɓi kusa da su. A wani garin muka tsaya a bakin tsofaffin rijiyoyin rini da suka cike da ƙasa, abokina yana ta yi wa wani dattijo tambayoyi. Ni dai rana nake kallo.

A nan ya miƙo mini ayaba da ƙuli-ƙuli. Ya ce, "Ci tun kafin ka ji yunwa. In ka bari ka ji ta, ka makara."

Na ce masa mutumin da ke azumin wata guda ba tafiyar rabin yini za ta kayar da shi ba. Gaskiyar magana ita ce hankalina duk yana kan abin da ke gabana, ko kokon safe ban shanye ba.

Da rana ta take muka shiga duwatsun sosai. Hawa bayan hawa, ka kai sama kana murna sai ka hango wani yana jiran ka. Tsakuwa na zamewa ƙarƙashin taya. Na sauke giyar keken har ta ƙare, ina taka feda kamar ina tuƙa tuwon gidan biki. Abokina ya dawo da baya ya dube ni.

Ya ce, "Kawo jakar nan, tana jan ka baya. Wannan ne hawa na ƙarshe. Zan jira ka a sama, ƙarƙashin kukar can."

Na cire na ba shi ba tare da tunani ba. Ya tashi tsaye a kan feda ya haye kamar akuya.

Na tsaya na kalli hawan, na san ba zan iya ba. Sai na tuna akwai wata 'yar hanyar ƙafa da ke zagaye gindin dutsen ta ɓulla bayan gari, na taɓa bin ta lokacin da nake zuwa zance. Na ce a raina in na bi ta zan fito inda hanyar sama take saukowa, abokina zai hango ni ya gangaro, in karɓi kayana. Na san hanyar tana ratsa gonar surukina. Na kuma gaya wa kaina cewa da tsakar rana babu kowa a gona. Mai jin yunwa yana iya yarda da duk abin da ya gaya wa kansa.

Na shiga tsakanin karan dawa, ganye na dukan fuskata. Ina jin kiɗa sama-sama, na ɗauka jinina ne ke bugawa a kunne. Sai karan ya ƙare, na fito fili.

Gayya ake yi. Mazan garin ne kusan gaba ɗaya, suna yankan dawa suna ɗaura dammuna, makaɗi na bin su da ganga. A gindin ɗorawa kuma, kusa da hanyar da zan bi, dattawa ne zaune a kan buhu, surukina a tsakiyarsu.

Ganga ta tsaya. Na ji wani yana tambayar na kusa da shi, "Wannan kuma wace jam'iyya ce?" Lokacin siyasa sabuwa ce, duk wanda ya shigo gari da kaya masu launi ana zaton ƙuri'a ya zo nema.

Na sha tunanin wannan wurin. Da na sunkuyar da kai na wuce, da hula da baƙin tabarau, mai yiwuwa babu wanda zai gane ni. Amma jikina bai shawarce ni ba. Tun ina yaro ba a wuce dattawa a kan keke, balle suruki. Kafin in ankara na sauka, na kwantar da keken, na cire takalmi, na tsuguna a cikin wannan wandon, na yi sallama. Kuma na yi ta da muryar da nake buɗe labaran safe da ita, wadda babu gidan da ba a san ta ba a garin. Na ga fuskoki suna sauyawa ɗaya bayan ɗaya.

Surukina ya dubi fuskata sau ɗaya. Sai ya mayar da idonsa ƙasa.

Na yunƙura zan gyara tsugunno, sai jijiyar cinyata ta ɗaure, ta dama da ta hagu a tare. Na kasa tashi, na kasa zama. Idona ya yi duhu, na kife a gefe cikin kunya, ƙafafuwana a sama suna rawa. Abin da na fi tunawa shi ne babu wanda ya yi dariya. Da sun yi, da ya fi mini sauƙi.

Sai na ji muryar surukina, a natse, kamar yana maganar farashin gyaɗa.

"Wa alaikumus salamu, baƙo. Sannu da hanya." Ya juya ga wani ƙaninsa. "Ɗauko rigata a reshen nan ka rufa wa bawan Allahn nan. Rana ce ta buge shi. Matafiyi ne."

Aka rufe ni da babbar rigarsa. Wani ya miƙe mini ƙafafu yana murzawa, yana cewa, "Sannu, baƙo." Wani ma ya ce, "Sannu, baƙo." Mutanen da suka ci shinkafar ɗaurin aurena, waɗanda suka san sunan kakana, duk suka bi bakinsa babu wanda ya yi tuntuɓe. Aka ɗora ni a kan amalanken shanu, a saman dammunan dawa, aka ɗora keken a gefena. Haka na shiga garin ta ƙofar da na taɓa shiga a cikin mota ina ango. Na ja rigar na rufe har kaina.

A zauren gidan surukina aka shimfiɗa mini tabarma. Tun da na fara neman 'yarsa, ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba, kuma bai taɓa yi mini tayi ba, domin ya san ba zan sha ba. Ranar sai ga ƙwaryar fura da nono, sai ga dambu da mai yana tururi, daga abincin 'yan gayya.

Ya ce, "Bismilla, baƙo. Matafiyi ba ya jin kunyar abinci."

Ya ɗan juya mini baya yana gyaran igiyar guga. Na so in ɗanɗana kawai in ture. Amma na sha furar nan har na ga gindin ƙwarya, na cinye dambun tas. Ina ci ina jin ƙarar haɗiyata a cikin zauren.

Bai juyo ba ya ce, "Daga ina?"

Na ce, "Daga Wudil, Baba."

"Wudil. Ina da mutane a Wudil. Mutanen kirki ne."

Ana cikin haka sai ga abokina, ya gaji da jira ya gangaro yana tambaya har aka nuna masa gidan. Ya shigo da jakata a baya, gumi na zuba. Ya gan ni lulluɓe cikin babbar riga, ya ga surukina, wanda ya sani tun ranar suna. Ya rusuna suka gaisa, gajiya da iyali da aiki, sannan ya ce, "Baba, an gode Allah da ya faɗi a hannun gida. Da ba surukinku ba ne..."

Surukina ya ɗaga hannu. Ya ce, "A'a, Malam, ka yi kuskure. Surukina na san shi. Yana Kano wurin aiki. Mutum ne mai natsuwa, ba ka ganin sa sai da riga da hula. Wannan baƙo ne Allah ya kawo mana."

Abokina ya dube ni. Ni kuwa tabarma nake ƙirga wa zare. Sai abokina ya ce, "Haka ne, Baba. Kama ce ta ruɗe ni."

"Ana samun haka," in ji surukina. Ya miƙe ya leƙa cikin gida ya ɗaga murya: "A gaya wa tsohuwa akwai matafiyi a zaure. In jaririyar nan ta farka a kawo ta ya yi mata addu'a, addu'ar matafiyi ba ta faɗuwa." Sai ya ce wa abokina, "Na ji an ce kana son tsofaffin abubuwa. Zo in nuna maka inda ƙofar gabas take a da." Suka fita suka bar ni ni kaɗai.

Tsohuwar da yake nufi mahaifiyarsa ce, kakar matata, wadda tun ranar da aka kai gaisuwa take kira na mijinta tana tsokana ta. Ta shigo tana dogara bango da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da jaririya a kafaɗa. Ta tsaya a kaina. Ta sa ƙafa ta ɗan ɗaga gefen rigar, ta leƙa, ta saki.

Ta ce, "Baƙo, a garinku yadi ne ya yi tsada, ko tela ne ya gudu da saura?"

Na ce, "Ina wuni, Iya."

"Lafiya lau. Ni ina da miji a Wudil, da zai ga wannan abin da ya sake ni don na kalla. Miƙo hannu. Ba haka ba, tallafi kan. Kai baƙon nan ko ɗan akuya ba ka taɓa ɗauka ba."

Ta ɗora mini ita a cinya, ta koma bakin ƙofa ta zauna tana kallon waje.

Na buɗe zanen. An sa mata kwalli, tana ƙanshin sabulun salo da hayaƙin itace. Goshin mahaifiyata ne sak, har da ɗan tattarewar da take yi in za ta yi faɗa. Ta buɗe ido ta dube ni ba tare da wata sha'awa ba, ta yi hamma, ta kama yatsana. Ban san iya lokacin da na ɗauka ina kallon ta ba. Addu'ar da aka ce in yi, na fara ta na rasa ƙarshenta.

Daga bayan ƙofar cikin gida na ji motsi, sai muryar matata ƙasa-ƙasa, tana danne dariya: "Iya, ki tambayi baƙon ko ya ƙoshi. Akwai sauran dambu."

"Ya ƙoshi," in ji tsohuwa. "Ya cinye rabon mutum uku."

Da ƙafafuna suka dawo, na jawo jakar da abokina ya ajiye na fara fito da kaftani. Na yi niyyar in sa kayana, in jira surukina ya dawo, in gaishe shi yadda ya kamata, in ba shi haƙuri. Tsohuwa ta karɓi jaririyar, ta dubi kaftanin, wasan ya bar fuskarta.

Ta ce, "Mayar da shi. In ka sa rigar nan ka zama wani, shi kuma wancan ba a ga zuwansa ba. Kana so ka mayar da ɗana maƙaryaci a gaban gari? Baƙo ya zo, baƙo zai tafi."

Na mayar. Dogon wandon kawai na zura, na ninke babbar rigar na ajiye a kan tabarma. Muka tura kekuna har bayan gari kafin muka hau. Surukina ya koma gona, ban sake ganin sa ba ranar.

Daga Lajawa zuwa gida hanya ba ta da hawa, muka taho a hankali. Sai da muka hango Wudil abokina ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Malam, zagayen nan naka yana da kyau. Sati mai zuwa mu sake?" Ya yi dariya har sai da ya sauka daga keke. Mahaifiyata ba ta taɓa ta da maganar ba. Na dai wanke wandon na shanya, kuma ban sake ganin sa ba.

Bayan an gama wanka an dawo mini da matata, na je bangajiya da riga da hula. Muka gaisa da surukina, ina tsugune nesa da tabarmarsa kamar kullum. Har na yi sallama zan tashi sai ya ce, "Kwanaki wani baƙo ya faɗi a gonata, ranar gayya. Ɗan kirki da shi, ya sauka ya gaishe mu. Allah ya sa ya isa gida lafiya."

Na ce, "Amin, Baba."

Daga wannan bai ƙara ba har ya bar duniya.

Aikina ya koya mini cewa in abu ya faru a faɗe shi yadda ya faru, a kira kowa da sunansa. Na yi shekaru ina koya wa na baya haka, kuma ban sauya ra'ayi ba. Amma na san akwai ranar da wani dattijo, wanda ba a taɓa kama shi da magana biyu ba, ya dubi mutanen garinsa ya faɗi abin da ba haka yake ba, suka kuma taya shi riƙewa, don kawai in ci abinci in ga 'yata in fita da mutuncina. Wandon na daina jin kunyarsa tuntuni, har nakan ba da labarinsa a yi dariya. Abin da bai sake ni ba shi ne ni na ja shi ga wannan, kuma hanyar da ya rufa mini asiri ita ce ta hana ni gode masa. Duk zaman da muka yi bayan nan, in na buɗe baki sai in tuna cewa wanda aka yi wa alherin baƙo ne, ya riga ya tafi.